Tabon Hajiya Gambo

A shekarar da sojoji suka koma bariki, Ummulkhairi da ƙawarta Morenike, 'yan jami'a, suna haya a gidan Hajiya Gambo a Gyadi-Gyadi. Shakkar matar suke yi. Ga faɗa, ga ƙaton mayafin da ba ta rabuwa da shi ko da zafin bazara.

Wata rana Morenike, mai karatun jinya, ta dawo daga asibitin koyarwa tana nuna yadda mace za ta duba nononta da kanta don gano ciwon daji da wuri. Ummulkhairi ta rufe fuska tana dariya.

"Ni in tsaya gaban madubi ina laluben jikina? Allah ya sawwaƙe! Ai ciwon tsofaffi ne."

Sai ga Hajiya, ko sallama babu. Ta mai da ƙyaure, ta ajiye mayafi, ta ɗaga rigarta. A gefen hagu na ƙirjinta babu komai sai dogon tabo, wurin a shafe kamar an bi da dutsen guga.

Dariya ta maƙale wa Ummulkhairi. Ashe abin da matar nan ta sha ke nan, amma take tsaye kamar bishiyar kuka?

"Ina da shekara talatin na ji wani ƙullutu a nonona, wajen wankan tsarki bayan al'ada," in ji Hajiya. "Na yi ta ɓoyo har ya girma."

Ta kamo hannun Ummulkhairi ta ɗora a tabon.

"Kowane wata kina wankan nan, ko? To, ki riƙa dubawa. Taɓa ki ji, 'yata. Ba ciwo ne ya ci wannan ba, kunya ce."