Ƙarfen Bayan Motar Baba

Maiwalda ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu, ya jinjina shi har ya ji nauyinsa a kafaɗa. Irin wanda ake ɗaura wa mota a baya ne don jan ƙaramar tirela: doguwar sanda mai kauri, da faffaɗan faranti a tsakiya, da dunƙulen kai kamar ƙwallo. Ya ƙwanƙwasa shi da makullin mota, ƙarar ta yi masa daɗi.

"Wannan shi ne ƙarfe," in ji shi.

Mai shagon kayan mota bai musa ba, amma sai ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya jawo wani kwali. A ciki wani ƙarfen ne, siririn wuya a lanƙwashe, wanda ake zare kansa a jefa a but ɗin mota idan ba a jan komai.

"Motar tsohonku ce ko? Mai sensa a bamba? To wannan aka ce in ajiye maka. Har da ɗan akwatin wayarin ɗinsa, mai kashe sensar da kansa in an haɗa tirela."

"Wa ya ce?"

"Mijin ƙanwarka mana. Tun jiya ya bugo min waya."

Nan take murmushin ya bar fuskar Maiwalda. Shi ne babban ɗa a gidansu, kuma tun yana saurayi duk wani abu na ƙarfe a gidan aikin hannunsa ne: ƙofar get, ƙafar tankin ruwa, rumfar mota, da salansar tsohuwar motar Baba da ya yi ta yi wa faci har facin ya fi salansar yawa. Ko ƙusa ce ta lanƙwashe, shi Baba yake kira. Ana nan sai Auta, ƙaramar ƙanwarsu, ta auri wani mai wayarin ɗin mota, mutum mai sanyin murya wanda ba a taɓa kama baƙin mai a farcensa ba. Da ciwon wuya ya hana Baba waiwaye, mijin Autar ne ya huda bambar sabuwar motar ya dasa mata ƙananan idanun sensa huɗu masu yin ƙara idan ta kusanci abu da baya. Tun daga ranar ya zama Injiniya a bakin Baba. Baƙo ba ya shiga gidan ya fita sai an sa masa ribas ya saurari abin al'ajabi. Kishi Maiwalda yake yi, tsagwaronsa, kuma ya san kishi ne, sanin dai bai rage masa komai ba.

Shi ya sa da Baba, wanda ya koma ba da hayar kujeru bayan ya yi ritaya, ya sayi 'yar tirela mai taya biyu ya ce, "Wannan aikin ƙarfe ne, na Yayansu ne," Maiwalda ya wuni yana fito. Aikin da zai mayar da shi gurbinsa ke nan. Ashe ko a shagon ma an riga shi zuwa.

Ya ɗauki siririn ƙarfen da yatsu, ya juya shi yana taɓe baki.

"Wannan kujeru zai ja ko keken yara?"

"Yana ja fa. Ni dai abin da na sani, mai farantin nan sensa takan hango shi."

"Ni zan ɗaura ko kai?"

Mai shago ya mayar da kwalinsa ƙarƙashin kanta. Shi ɗan kasuwa ne, ba alƙalin surukai ba.

A garejinsa, a ba Maiwalda haƙƙinsa, aiki ya yi na gani na faɗa. Ya cire fitilun baya, ya kwance bamba ya jingine ta a kan tsohon bargo don kar ta ƙarce. Ya kwanta ƙarƙashin motar ya goge ramukan noti da kamfani ya bari a jikin ƙashinta, ya tura sandar ta zauna daram kamar da ita aka ƙera motar. Ya bi notin ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa, daga wannan gefe zuwa wancan, don kar wani ɓangare ya fi wani matsuwa. Ya yanka ƙasan bambar daidai faɗin farantin, ya goge bakin yankan har ya yi sumul, ya jawo wayar fitilun tirela ya ɗaura soket a gefe. Da rana ta take ya mayar da komai wurinsa, ya ja da baya yana kallo, hannu a ƙugu.

Mai fentin da suke haɗa bango da shi ya leƙo, ƙyalle a hanci.

"Yau dai tsoho zai san ya haifu."

Maganar ta shige Maiwalda. Ya shiga motar, ya tayar, ya sa ribas. Sai kuwa ƙara ta cika motar, doguwa ba yankewa, irin wadda take yi idan saura ƙiris a daki bango. Ya taka birki ya leƙa madubi. Babu komai a baya sai fili da wata tsohuwar taya can nesa.

"Wa ka take?" in ji mai fenti.

Ya fito ya tsuguna a bayan motar. Ba sai an kira malami ba: idanu biyu na tsakiya sun zuba wa dunƙulen ƙarfen ido, shi suke gani, shi suke wa kuka. Ya naɗe kan da tsumma ya sake gwadawa, ƙarar tana nan. Ya sassauta farantin ya ɗan sauke shi ƙasa, ba ta fasa ba. Gumi ya jiƙa masa baya.

"Ka kira surukin naku mana. Ba aikinsa ba ne?"

Kamar an aika, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya daɗe yana kallon sunan kafin ya ɗauka.

"Yaya, barka da aiki," in ji Injiniya da muryar nan tasa mai sa mutum ya ji kamar shi ne mai laifi. "Na ce ko in leƙo in haɗa ɗan akwatin nan, tunda ina kusa."

"An gama."

"Ma sha Allah. Sensar ba ta yi gardama ba?"

"Ka ga na neme ka?"



"To Allah ya taimaka, Yaya. Mu haɗu a gida."

Maiwalda ya buɗe but, ya ɗaga kafet. Ga akwatin sensar nan a kusurwa, wayoyi huɗu sun shiga cikinsa a jere, kowacce an naɗa mata farin salatif an rubuta wurin da ta fito. Tsaftar aikin ma haushi ta ba shi. Ya kama biyu na tsakiya ya zare, ya tura su ƙarƙashin akwatin, ya mayar da kafet. Da ya sake sa ribas, motar ta yi tsit.

Ya sa mai fenti ya tsaya a kusurwar hagu, ta yi ƙara. Ya koma ta dama, ta yi.

"In tsaya a tsakiya?"

"Je ka, fentinka zai bushe."

A hanya ya shirya abin da zai faɗa wa Baba. Zai ce kayan zamanin nan ba sa jituwa da ƙarfe na gaske, don haka a riƙa lura da tsakiya kafin a san yadda za a yi. Magana ce mai sauƙi, ya maimaita ta a ransa har ta yi laushi.

Ya tarar da Baba a tsakar gida a kan ɗaya daga cikin kujerun hayarsa. Tsohon ya miƙe, ya juyo da dukan jikinsa yadda masu ciwon wuya suke yi, ya zagayo bayan motar. Ya shafa farantin. Ya ɗora ƙafa a kan dunƙulen ya danna, motar gaba ɗaya ta yi ƙasa ta dawo.

"Kai, Yayansu. Wannan ko gidan nan aka ɗaura masa zai ja. Hannunka dai hannunka ne."

Maiwalda ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa. Rabonsa da irin wannan kalma tun kafin bikin Auta. Ya buɗe baki zai kawo maganar tsakiya.

"Injiniya ya duba ko?" in ji Baba.

Maiwalda ya haɗiye maganar.

"Komai daidai yake," ya ce.

Ana haka Auta ta turo get, mijinta a bayanta. Aka gaisa. Injiniya ya rusuna wa Baba, ya gaida Yaya, sannan idonsa ya sauka a kan faffaɗan farantin ya ɗan tsaya a wurin. Shi kuwa Baba ɗoki ya hana shi zama, ya karɓi makulli ya ce bari ya matsar da motar kusa da tirela a gwada haɗawa kowa ya gani.

Tirelar tana can ƙarshen gida, bayan rumfar mota. Baba ya shiga, ya rufe gilashi, ya sa ribas. Tun da aka dasa masa idanun nan ya daina wahalar da kansa da madubi. Fuskarsa a gaba, kunnensa a baya, ƙafa a kan totur. Motar ta taho tana ɗan karkata. Maiwalda yana tsaye a gefe ya ga ginshiƙin rumfar, siririn bututun ƙarfe, ya daidaita da tsakiyar bamba cif. Ya ga abin da zai faru sarai. Da farko ma jira ya yi ko idanun gefe za su hango, don kar ya yi ihu a tambaye shi yadda aka yi ya sani. Kafin ya ce "Baba" ya ɗaga hannu, lokaci ya wuce.

Ƙarar ta girgiza gidan. Ginshiƙin ya lanƙwashe, kwanon rumfar ya rusuna ta gefe ɗaya yana kaɗawa. Auta ta yi salati ta ruga ta buɗe ƙofa. Baba ya fito dafe da ƙeya, fuska a yamutse, ya ce ba abin da ya same shi, a sake shi ya ga motarsa.

Motar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Dunƙulen ƙarfen ne ya karɓi dukan, fentinsa kawai ya ɗan ɗaye.

"Kun gani ko?" Baba ya nuna da yatsa. "Ba don ƙarfen Yayansu ba, da yanzu but ɗin nan ya shige ciki." Ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. "Kai kuma, mijin Auta, ina amfanin kayan naka? Ko tari ba su yi ba. Da mutum ne a wurin fa?"

Mijin Auta, ba Injiniya ba. Maiwalda ya ji daɗin wannan har cikin ƙashinsa, ba zai yi wa kansa ƙarya ba. Daɗin bai gama sauka ba ya ga mutumin ya nufi but, ya buɗe, ya ɗaga kafet.

Bai daɗe ba. Ya kalli akwatin, ya sa yatsa ƙarƙashinsa ya taɓo wayoyin biyu, sannan ya ɗago ya dubi Maiwalda. Ba harara ba ce, da ma ita ce da an san yadda za a rama. Ya shimfiɗa kafet ɗin yadda yake, ya rufe but a hankali.

"A yi haƙuri, Baba. Waya ce ba ta zauna ba. Ni ya kamata in je in duba, ban je ba."

"Amma ai ɗazu ka kira," in ji Auta, tana duban mijinta tana duban yayanta.

"Ban je ba dai," ya ce mata, sannan ya juya ga Baba. "Gobe zan zo in ɗauke ta, Baba. Kafin nan kar a dogara da ƙarar."

"Ba sai ka wahala ba," in ji Baba. "Ina da ɗa. Yayansu, koma baya ka zama min ido, mu ƙarasa abin da muka fara."

Maiwalda ya koma bayan motar ya tsaya a tsakiya, daidai inda ba idon sensar da zai gan shi. Baba ya koma cikin mota, ya sauke gilashi yana jiran muryarsa. Abin da ya wuni yana nema ke nan, an danƙa masa a gaban kowa, kuma ya san daga hannun wa ya fito. Can gefe mijin Auta ya tallafi lanƙwasasshen ginshiƙin da kafaɗa don kar kwanon ya faɗo wa motar, tsatsa tana zuba a kan farar rigarsa, bai ko kallo wajensa ba. Maiwalda ya laluba zuciyarsa ko zai sami kunya ita kaɗai, sai ya tarar da kishin yana nan zaune, ya ma ƙara ƙiba. Ya iya lanƙwasa ƙarfe, ya iya miƙar da shi, amma abin da mutumin nan ya yi yanzu a gaban but, shi bai iya ba.

"Ina jin ka, Yayansu," in ji Baba.

Ya ɗaga hannu.

"Taho, Baba," ya ce. "A hankali."