Fatarin Ramlatu

Zazzaɓi ya kayar da Suwaiba bayan azahar, lallen bikin aminiyarta Ramlatu na nan jawur a hannunta. Jiya ƙawaye suka taru don yi wa amarya kyautar tufafin ciki. Mata zalla, kuma sharaɗin ɗaya ne: kowa ta bar wayarta a kwando bakin ƙofa. Suwaiba ta ɓoye tata a zani.

Fanka na juyawa, idonta ya yi nauyi.

Sai ga ta a ɗakin taron, amma babu rufi, tabarmi na yawo bisa wani baƙin ruwa. Wata tsohuwa ta tare ƙofa da kwando, mayafi ya rufe mata fuska.

"'Yar nan, ajiye idonki."

"Waya dai, Iya?"

"Duba hannunki."

Ido ne kwance a tafinta, yana ƙiftawa, yana kallon ko'ina. Ta yarfe, ya ƙi faɗuwa.

Tsohuwa ta wuce, Suwaiba ta bi ta. Rigunan barci da shimi da rigunan mama suna shawagi kamar balbelu, kowace tana kiran sunan wadda ta kawo ta. Guda ɗaya ne bai kira kowa ba: wani fatari na tsohuwar atamfa, ɗinkin hannu, rataye a igiyar da ba ta ɗaure da komai.

Ta gane shi. Shi ta ɗaga jiya da yatsu biyu tana cewa, "Jama'a, wace kaka ce ta ɓato hanya?" Ɗaki ya ɗauki shewa. Ta ɗauki bidiyo a ɓoye, ta ɗora a sitatus.

Fatarin ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kin duba ɗinkina?"

Ta duba. Layin ya fara a miƙe, ya karkace, can ƙarshe zaren ya yi sako-sako.

"Nan hannun ya gaji," in ji shi.

"Hannun wa?"

Tsohuwa ta yaye mayafi. Inna Turai ce, mahaifiyar Ramlatu, wadda aka binne bara. Shekara ashirin Suwaiba na cin tuwonta.

"Inna, wallahi wasa nake!"

"Na sani, Suwai. Amma kin ga Ramlatu ta yi dariya?"

Can nesa Ramlatu na zaune a tabarmarta, rungume da fatarin, ruwa na janye ta. Sama ta cika da idanu, ɗaruruwa, duk a kanta. Suwaiba ta buɗe baki ta kira ta, sai shewar jiya ta fito.

Firgigit ta farka, jiƙe da gumi. Ta lalubo waya. Mutum ɗari biyu da sha ɗaya sun kalla, sunan Ramlatu ne a sama. Ta goge bidiyon, ta kira ta. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse.

Sai saƙon Ramlatu ya shigo.

"Na Inna ne. A gadon asibiti ta ɗinka min."