Aidin a Shayin Tadek

Na'urar auna zuciya na fitar da takarda, Jadwiga tana tsaye riƙe da rigar mijinta. Tadek na kwance, wayoyi manne a ƙirji, haƙarƙari duk a waje. Mutumin da ke cin abincin mutum biyu, amma tun bazara sai ramewa yake yi, ga zufa, ga rawar hannu.

Likitar ta duba zanen. "Baba, ka ga nan? Zuciya tana da 'yar wutarta da ke ba ta umarnin bugawa. Taka ta rikice, tana harbawa barkatai. Gwajin jininka ya nuna ƙwayar maƙogwaronka ce ke aiki fiye da kima, ita ke zuga zuciyar. In aka bari, jini zai iya daskarewa ya haura kai. Kana shan wani abu mai aidin?"

"Ni? Ko maganin ciwon kai sai wannan tsohuwar ta yi mini wa'azi."

Shekarar da tashar nukiliya ta fashe a ƙetaren iyaka, an kira iyaye su kai yara a ba su ruwan aidin, maganin da zai kare maƙogwaronsu daga gubar tashar. Jadwiga tana gonar dankali, ta ce sai gobe. Da goben ta zo, ruwan ya ƙare. 'Yarsu Renata tana da shekara huɗu lokacin, tana da ashirin da shida suka binne ta, da tabon tiyata a wuya. Ba wanda ya taɓa cewa laifinta ne, ita ce dai ba ta daina faɗa wa kanta ba. Da rediyo ya fara maganar yaƙi kusa da wata tashar, sai ta sayo kwalbar aidin. Kullum da safe ɗigo biyar a shayinsa, a ɓoye, don ta san halinsa da gardama.

"Likita," ta ce, "ni ce. Wata bakwai ina zuba masa. Bai sani ba."

Likitar ta ajiye biro. "Daga yau a daina, Mama."

Tadek bai ɗauke ido daga silin ba.

"Haba Jadzia," ya ce da sunan da yake kiranta a gida, "shayi yana warin asibiti, ki ce ban sani ba?"

"To me ya sa ka sha?"

"Tun da kika fara zubawa kika daina kiran sunan Renata a cikin barci."