Ɗigon Jan Fenti

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana ɗaura ƙofofi a masana'antar haɗa motoci, har abokan aikinsa suka laƙaba masa Kunne. Ba ya duba ƙofa da ido. Rufe ta yake yi ya saurara, in ƙarar ta yi masa, sai ya ɗaga robar gefe ya ɗiga jan fenti, shaidar ta bi ta hannunsa. Da aka kwashe masana'antar zuwa wata ƙasa, cewa ya yi, "Su je su gani. Inji ba shi da kunne."

Tun ina yarinya ransa ke kan wata 'yar mota mai kujera biyu, mai gudun tsiya, cikinta kamar ya shafi ƙasa. Su Baba ne suke haɗa ta, amma ko sitiyarinta bai taɓa murzawa ba. Sai yanzu da gwiwa ta ƙi, ya ce lokaci ya yi. Na yi faɗa har na gaji. Tsoho mai dogara sanda, ina shi ina motar samari? Duk da haka ni na kai shi wurin dillali.

Baba bai ko kalli inji ba. Ya nufi ƙofa, ya ɗaga roba, ya bi da yatsa har ƙasa. Babu ɗigo.

"Ai wannan ta sabuwar masana'anta ce, Baba," in ji dillali. "Irin taku sun ƙare."

Sai fuskarsa ta washe. "Yauwa! 'Yar nan, matso ki ji aikin banza."

Ya buɗe ƙofar, ya tura ta da yatsa biyu. Ta rufe ɗif, babu rawa, babu kukan ƙarfe. Ya sake, ya kuma sakewa. A karo na huɗu har da kara kunne jikin gilashi. Wallahi na tsani motar nan, na dinga fatan ko ƙyas ta yi.

Dillali ya miƙo makulli. "Shiga ka ɗana mana, Baba."

Bai karɓa ba. Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Ta fi tawa," ya ce da ni a hankali. "Mu je gida."

Da muka isa, ya fito ya tura ƙofar tsohuwar motata, wadda kullum sai ya kushe ƙararta. Bai tsaya ya saurara ba.