Wankin da Ya Kwantar da Inzayim ɗin Yaya

Wajen ƙarfe huɗu na yamma ne, hadari ya haɗu ya ƙi zubowa. Ina kwashe shanya Yaya ta shigo shagon wankina, ta zauna a kan ƙullin kaya.

"Yaya, zannuwan gadon mutane ne fa."

"Su yi haƙuri."

A ɗakin binciken jami'a take aiki. Wata uku ke nan tana fama da wani abu wai shi inzayim. Yadda ta yi mini bayani, ɗan ma'aikaci ne da ido ba ya gani, yana zaune cikin tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta, tantanin kuwa na kitse ne. Muddin yana ciki, aiki yake ba hutu. Da ta ciro shi sai ya kwanta. Shugabanta ya ce in bai motsa ba zuwa Juma'a, zai ba wani aikin.

Na ce, "Da me kike ciro shi?"

"Da wani irin sabulu. Sau biyar nake wanke shi, har ba ɗigon kitse."

Na ajiye kwando a hankali. "Ashe duk bokon nan sana'ata kika koyo. Da kin faɗa, ai da na ɗauke ki aiki."

"Auta, zan saɓa maka."

Sai na ba ta labarin rigar fatar wani direba. Na dirje ta da sabulu don in burge shi, ta bushe ta sandare har tana tsayuwa da kanta a jikin bango. Kwana biyu na yi ina shafa mata mai kafin ta yarda ta lanƙwasa.

"Kin raba bawan Allah da gidansa, kin tuɓe shi, kuma kina son aiki. Mayar masa da kitsensa."

"Ai ba kowane kitse ba ne."

"Ni ma man farko wari ya sa ta."

Ta harare ni, ta fita.

Ranar Alhamis ta dawo tana cin magani, amma bakinta ya ƙi rufuwa. Kitse iri uku ta gwada. Biyu inzayim ɗin bai ko kula su ba, na ukun ya tashe shi.

"Dama yana cikin littafi," in ji ta.

"Ba shakka. Littafin ne ya yi wata uku yana ɓuya."

Ta jefa farar rigar aikinta a kan tebur, ta juya tana waya. Maɓalli ɗaya ya kusa faɗuwa. Na ɗinke shi, na goge rigar, na miƙa mata. Ta karɓa ba ta ko waiwayo ba.