Tukunya Biyu a Ɗakin Baba Kwaku

"Ba zan kai shi ba," in ji Alhaji Mutaru. Yana tsaye a matakalar bene da makullin tasi a hannu, ni kuma na tare masa hanya. "In asibiti ne, yanzu na goya shi. Coci ma na taɓa kai shi. Amma wurin giya, Muhsina, ki nemi wani."

"Bikin abinci ne, Alhaji."

"Abinci da me? Ƙarasa sunan."

Ban ƙarasa ba, don ya san sunan kamar yadda na sani.

Baba Kwaku maƙwabcinmu ne, ƙofarsa tana kallon tamu a hawa na biyar. Kirista ne, amma a zangon Kumasi ta ƙasar Gana ya tashi, layi ɗaya da Alhaji Mutaru, saboda haka Hausa yake yi da mu, irin tasu wadda komai namiji ne a cikinta, har tukunya. A kicin ɗin gidajen abinci na Manhattan ya tsufa. Duk Oktoba, in an kafa rumfunan bikin abinci da giyar inabi a bakin kogi, ana ɗaukarsa yankan albasa da gyaran kaji. In an tashi aiki sai ya ɗora hular malafarsa ya zaga rumfunan yana ɗanɗane, ya dawo unguwarmu ta Bronx ya cika mana kunne da labari. Bana ciwon daji ya cinye masa ciki. Asibiti sun sallamo shi gida, sun ce a kula da jin daɗinsa kawai, ni kuwa da nake karatun jinya na san abin da hakan yake nufi. Ranar Asabar ɗin nan ake bikin, kuma abu ɗaya ya roƙa: a kai shi ya gani. Lif ɗin da ke hawa da mutane bene ya lalace, sai dai a sauko da shi a hannu.

Na faɗa wa Alhaji abin da ke raina. Na ce mazan gidan nan sun iya tsayawa a bakin ƙofa su ce Allah ya ba da lafiya, amma babu mai tsallake dokin ƙofar. Na ce ranar sunan ɗansa Ammar wa ya tsaya a kan wuta tun safe in ba Baba Kwaku ba? Na ce mun mai da addini abin fakewa don kada mu wahala. Ya bari na gama.

"Karatu ya yi miki yawa," ya ce, ya raɓa ni ya sauka.

Na tarar da Baba Kwaku a kujerarsa ta gefen taga, ya riga ya sa kwat, malafa a kai. Kwat ɗin ya yi masa yawa kamar na aro. Afua, matar da ke kula da shi, ba ta zuwa ranar Asabar, don haka Ummata ce a wurin tana wanke kofuna.

"Liman ya ƙi, ko?" in ji shi. Haka yake kiran Alhaji.

"Zan kira wata motar, Baba. Zan nemo masu ɗauka."

Umma ta jawo ni kicin ta rage murya. "Ke da kika yi karatu, dube shi da kyau. Wa ya ce miki zai kai ƙasa?"

Na dube shi. Numfashinsa gajere ne, leɓensa ya bushe. Fushina bai tafi ba, sai dai na rasa wanda zan sauke wa.

Ashe ya ji mu. Ya fara kwance maɓallin kwat. "To, in ban je biki ba, biki ya zo. Hajiya, akwai kaza a firiji. Sauko da tukunya, duka biyu."

Tukunya biyu gare shi. Babbar tana da jan zare a hannu, giya ba ta taɓa shigarta ba, daga cikinta yake aiko mana da abinci. Ƙaramar baƙa ce, tasa ce shi kaɗai.

Daga kujera yake ba da umarni. Umma ta soya kazar, ni na yanka albasa.

"Nas," in ji shi, don haka yake kirana saboda karatun jinyata, "wannan ba yanka ba ne, faɗa ne. Albasa bai yi miki komai ba."

Muka sa tafarnuwa da tumatir da gishiri, muka raba a tukwanen biyu. Na tambaye shi sauran kayan haɗi, ya ce babu. Ya ce masu dogayen fararen huluna a bikin nan sukan zuba abu kala-kala don a ɗauke su hoto, amma kaza ba ya son hayaniya. Kwalbar giyar inabi tana kan kantar kicin kusa da murhu, ragowar wata ce mai arha da yake saye a shagon kwana. Wayin yake ce mata.

"Mai tsada na masu surutu ne," in ji shi. "Tukunya bai damu ba."

Da lokacin zubawa ya yi, Umma ta goge hannu ta ja baya. "Nan aikina ya tsaya, Baba."

Na miƙa hannu zan ɗauki kwalbar.

"A'a," ya ce. "Ba a gaban uwarki ba, ba a bayan uwarki ba. Kuma ba ki san awo ba. Ku tashe ni."

Muka kama shi ni da Umma. Dogon mutum ne, duk da ramar ƙashinsa da nauyi. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, muka mai da shi kujera yana haki. Muka sake gwadawa, haka. Ya zauna yana kallon murhun da bai fi taku kaɗan ba daga inda yake. Ƙaramar tukunya ta fara ƙauri.

"Albasarku na kamawa."

Alhaji Mutaru ne a bakin ƙofa, da ledar burodi daga shagon 'yan Gana. Ya daɗe yana kallon ɗakin. Sannan ya tuɓe takalmi ya shigo, ya ajiye ledar, ya sa hannuwa a hammatar Baba Kwaku ya ɗaga shi ta baya, ya kai shi gaban murhu. Alhaji ya juyar da tasa fuskar bango.

Baba Kwaku ya ɗauki kwalbar da hannu biyu.

"Liman, riƙe ni da kyau, kana rawa."

"Kai ke rawa, tsoho."

"Ka ce ba ka zuwa wurin giya."

"Ni mutum na ɗauka. Abin da ke hannun mutum, shi da Ubangijinsa. Yi sauri, bayana."

Ya zuba a hankali. Tukunyar ta yi ƙara, tururi ya tashi ya lulluɓe masa fuska. Ya shaƙa, ya ƙara ɗan kaɗan, ya ajiye kwalbar, ya rufe da murfi da kansa.

Bayan la'asar muka ci, taga a buɗe, ƙarar jirgin ƙasa na shigowa. Mu uku muka ci daga babbar tukunya da burodi. Shi Umma ta riƙe masa kwano, ya ɗebi romo da cokali ya kai baki, ya rufe ido. Ya jima bai haɗiye ba.

"Gishiri bai ji ba, Hajiya."

"Likita ya hana."

"Likita ya hana komai. Sai numfashi ya bar mini, shi ma ya rage."

Umma ta yi dariya, ta kau da kai ta share ido da gefen mayafi. Bai ci da yawa ba. Ya ba mu labarin rumfunan, da iskar kogi da ke kashe wuta, da wani Bafaranshe da ya taɓa biyo shi har tashar jirgi yana tambayar sirrin miyarsa. Alhaji ya ce ƙarya ne, suka yi ta musu da Twi, yarensu na Gana, har Baba ya gaji. Na tambaye shi ko ransa ya so bakin kogin.

"Bikin bana ya fi na bara, Nas," ya ce. "Bara ba wanda ya ɗauke ni."

Ranar Litinin na dawo daga makaranta kafin azahar. Tun daga kwana na hango tasin Alhaji a tsakiyar layi, babu kowa a ciki, fitilun gefe suna ƙiftawa. Na haye benen da gudu.

Afua na tsaye a bakin ƙofa, ta girgiza mini kai: Baba ya cika. Ta ce Alhaji ya hawo ne kawai ya gaishe shi, sai Baba ya kama masa hannu bai saki ba. Umma na zaune a kujerar gefen taga. Alhaji yana ƙasa kusa da gado, ƙafa a miƙe, har yanzu hannun yana cikin nasa.

"Alhaji," na ce a hankali, "motarka ta tare hanya."

"Bar shi," in ji shi, bai ɗago ba.

Na je na tsaya kusa da Umma. A ƙasa fitilun suna ta ƙiftawa, motoci suna rage gudu suna kewaye tasin ɗaya bayan ɗaya.