Yashin Rami na Farko

Da yatsa Kalilu ya ƙwaƙulo yashin daga bakin 'yarsa Rauda, ita kuwa ta cije shi da 'yan haƙoranta biyu. Tsakar gidan da ya bari da safe cikin taɓon damina ya koma fari tas.

"Baban Rauda, ka ga gyara?" matarsa Siddiƙa ta ce tana murmushi. "Mai amalanke ne ya shigo layi da shi. Kowa ya saya, na ce yarinya ta samu wurin rarrafe."

Ya damƙi yashin ya kai hanci. Ko a mafarki ya san warin nan. Ga 'ya'yan tumatir busassu a ciki, ga ɗan ɓallin kwalba.

*

Aikinsa ke nan a matatar ruwan ƙazanta ta wasu rukunin gidaje a bayan garin Daura. Duk abin da ya fito daga banɗakuna, raga ce ke fara tare tsumma da leda, sannan ruwan ya lafa a rami na farko, yashi ya kwanta. Shi ke shiga da shebur ya kwashe, don kada ya cinye injin. Ƙa'ida a binne shi. Amma Oga Dabo, shugaban wurin, ya gano cewa idan aka shanya shi ya sha rana, sai ka rantse daga rafi aka ɗebo. Daga nan ya fara sayar da shi.

Kalilu ya taɓa yi masa magana.

"Oga, najasa ce fa."

"Rana ta wanke. Kai aikinka kwasa, ko ka gaji ne in nemo wani?"

Kalilu ya ja bakinsa ya yi shiru, har da ba da haƙuri. Tunaninsa can wani gari ake kai shi, wurin masu gini. Wannan shirun ne yau yake ci masa rai.

*

Kafin magariba Kalilu ya kankare yashin daga tsakar gidan, ya haƙa rami a kango ya binne. Duk da haka washegari Rauda ta tashi da gudawa.

Ya bi layi gida-gida yana faɗa wa mutane asalin yashin. Lami mai gyaɗa, wadda ta riga ta zuba nata yashin a kaskon suyar gyaɗa, ta dube shi sheƙeƙe.

"Malam Kalilu, yashi fari sol kamar gari? Kai dai aikin nan ya sa komai wari yake maka."

Mai unguwa ya saurare shi, ya ce za a duba. Haushi kamar ya kashe Kalilu, don ya san ma'anar za a duba.

Da yamma ya ɗauko Rauda daga asibiti, ta yi laushi a kafaɗarsa, idanu sun zurma. A ƙofar masallacin layinsu an juye sabuwar amalanke ta yashin nan, wai sadaka ce daga wani bawan Allah. Yara sun baje a kai, suna cusa ƙafa suna gina ɗakuna.

Rauda ta ɗago kai da ƙyar, ta miƙa hannu wajen tulin.